Yadda Ake Zaɓen Faɗin Tayar Keke Don Zuwa Aiki Da Hawan Kwalta

Keken tsere na farko da na mallaka ɗan Kwatano ne, mai lanƙwasasshen kai, tayoyinsa sirara kamar ɗan yatsa, faɗinsu milimita 23. A kan sabuwar kwalta ba a magana, kana taka feda yana tafiya kamar ana tura ka. Sai dai ni ba tsere na saye shi in yi ba. Aiki nake zuwa da shi, daga Hotoro zuwa cikin gari, kuma hanyar ta haɗa komai: kwalta mai kyau, kwalta mai ramuka, da ɗan guntun burji kafin in fito bakin titi. Kafin wata ya cika na kai shi faci sau huɗu.

A karo na huɗun, dattijon da ke gyaran keke a gindin darbejiya ya tsoma tiyub ɗin cikin kwanon ruwa, ya nuna min kumfa tana fita ta wuri biyu, huji biyu a jere kamar saran maciji. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙusa ba ce. Rami ka faɗa, bakin wili ya datse tiyub. Tayar nan ta yi wa hanyarka kaɗan." Na ce, "Baba, ai ita ce mai gudu." Ya ce, "A inda aka yi ta."

Tun daga ranar na daina auna kyan taya da sirantarta. Wanda yake bin hanyoyinmu, tayar da ta fi masa ita ce mai faɗin da kekensa zai iya ɗauka ba tare da ta goga ba, da iska daidai nauyinsa. Ga yadda ake gano ta.

Mataki na 1: Karanta lambar da ke jikin tayarka

Kafin maganar faɗi akwai maganar zagaye. In zagayen taya bai dace da wili ba, ko ta ƙi shiga, ko ta shiga ta fice kana tafe. Goge gefen tsohuwar tayarka da jiƙaƙƙen tsumma, ka nemi lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 23-622 ko 40-635. Wannan shi ne awon da ake kira ETRTO. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu faɗin da'irar wili ce daga gefe zuwa gefe, a daidai inda bakin taya yake zama. Ta farko ce muke son canzawa. Ta biyu kuwa ba a taɓa ta.

Na dage a kan wannan lamba ne domin awon inci yana ruɗa mutane. Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, tayarsa 28 x 1½ ce, wato 40-635. Keken tsere da yawancin kekunan birni da ake shigowa da su daga Turai suna amfani da 700C, wato 622, kuma a Jamus da maƙwabtanta ita ma inci 28 ake rubutawa a jikinta. Duka "ashirin da takwas" ne a bakin mai shago, amma akwai milimita 13 a tsakaninsu. Na taɓa sayen mai 635 a kasuwa da sunan 28, na zo gida na tarar tana yawo a kan wilina, mai shagon kuma ya ce ba a mayar da kayan da aka kwance. Haka nan 27 x 1¼ ta tsofaffin kekunan tsere 630 ce, ba 622 ba.

Inci 26 ma haka yake. 26 x 1.75 ko 26 x 1.95, na keken hawan dutse, 559 ne. 26 x 1⅜ kuwa 590 ne. Har 26 x 1.5 da 26 x 1½, waɗanda a lissafin makaranta abu ɗaya ne, a wurin taya ba su haɗu ba: ta farko 559, ta biyu 584. Ɗauki hoton lambar da wayarka. In rubutun ya goge, kwance wilin ka tafi da shi kasuwa.

Mataki na 2: Bi hanyarka da ido

Gobe in za ka fita, ka lura da hanyar kamar yau ka fara bin ta. Mafi munin wurin da ka taka shi ne zai yanke hukunci, ba mafi kyau ba. Kilomita goma na kwalta sumul ba za su hana rami ɗaya datse maka tiyub ba. Akwai yashi a gefen titi, inda motoci da masu adaidaita suke matse mai keke? Akwai tudun rage gudu masu kaifi, ko murfin kwalbati da ya zauna ƙasa? Kana dawowa bayan magariba, lokacin da ba a ganin rami sai an faɗa? Da damina hanyar tana taɓo?

Sannan ka haɗa nauyi: kai, da keken, da abin da kake ɗorawa a kariya. Mai kilo 60 da 'yar jakar baya daban yake da mai kilo 90 da ke ɗauko buhun shinkafa ko ya kai yaro makaranta. Duk nauyin nan iskar cikin taya ce take ɗauke da shi, kuma faffaɗar taya ta fi ɗaukar iska.

Mataki na 3: Auna sararin da ke jikin keken

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi, don haka a bi shi a hankali. Ba kowane keke ne yake karɓar kowace taya ba. Cika tayar da ke kai da iska yadda ka saba, ka juya keken sirdi a ƙasa, ka duba wurare huɗu: ƙarƙashin fok ɗin gaba inda taya take wucewa, ƙarƙashin birki gaba da baya, tsakanin ƙarafa biyun da suka taso daga wajen feda zuwa wilin baya, da bayan ƙarfen da ke riƙe da sirdi. Wurin da ya fi kowanne matsi shi ne iyakarka, kuma sau da yawa tsakanin ƙarafan nan biyu na ƙasa ne.

Ba sai kana da ma'auni na musamman ba. Ari alanki na mai gyara, wato 'yan ƙarafan nan masu kusurwa shida da ake kwance noti da su, masu lamba 4, 5, 6 da 8, ka riƙa zura su tsakanin taya da ƙarfe. Wanda ya shige ba tare da ka tura da ƙarfi ba, shi ne girman sararin da milimita. Bayan ka sa sabuwar taya, ana son a bar aƙalla milimita 4 ta kowane gefe a keken tsere, milimita 6 a keken zirga-zirga da ke shiga taɓo. Lissafin mai sauƙi ne. In ka ƙara faɗin taya da milimita 4, kowane gefe zai cinye 2, tsayinta kuma zai ƙaru da kusan 4 ɗin gaba ɗaya. Misali, tayarka 23 ce, gefe yana da sararin 7, sama yana da 9: 28 za ta shiga, ta bar maka wajen 4 ko'ina. 32 ba za ta shiga ba.

Kada ka ce ai tana juyawa ba ta goga, shi ke nan. Wili yana ɗan karkacewa in sipok ya saki, taya tana kwaso tsakuwa da laka, kuma ɗan gogar da ba ka ji ba yana cinye fenti ya shiga ƙarfe. Na ga firam ɗin alminiyum da taya ta ƙwaƙule masa rami a haka.

Birki ma yana da tasa maganar. Ƙaramin birkin keken tsere da ke matse wili daga sama yawanci a 28 yake tsayawa, wasu tsofaffin ma 25 ce iyakarsu. Birki mai faifai, ko mai dogayen hannuwa biyu irin na keken hawan dutse, ya fi barin wuri. In kana da madigadi, shi ma a lissafa shi: ya fi taya faɗi da kamar milimita 10, a kuma bar irin wannan tazara tsakaninsa da ita, don kada tsakuwa ta maƙale ta tsayar da wilin gaba kana cikin gudu.

Mataki na 4: Duba faɗin cikin wili

Wani wilin an rubuta a jikinsa, kamar 622x15C ko 622x19C. Lambar ƙarshe ita ce faɗin cikinsa, daga baki zuwa baki. In ba a rubuta ba, cire taya ka auna da rula. Ƙa'idar da masu gyara suka daɗe suna bi ita ce faɗin taya ya kasance tsakanin kusan ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu da ɗan ɗori na faɗin cikin wili. Wili mai 13 yana son 23 zuwa 25. Mai 15 yana ɗaukar 23 zuwa 32. Mai 17, daga 25 zuwa 37 ba damuwa. Mai 19, daga 28 zuwa sama da 40. Faffaɗar taya a siririn wili tana lilo a kwana in iska ta yi ƙasa. Siririya a faffaɗan wili kuwa tana bajewa, ta bar bakin wili kusa da ƙasa. Ka kuma sani, lambar da aka rubuta ba ita ce ainihin faɗin ba kullum: taya mai 28 a kan wili mai faɗi tana iya kaiwa 30, don haka in sararin kekenka a takure yake, kada ka saya daf da iyaka.

Mataki na 5: Yanzu zaɓi faɗin

Bari in fara da tsoron da kowa yake ji, cewa faffaɗar taya tana rage gudu. Nauyinka yana danna taya ƙasa, sai ta ɗan baje a inda ta taɓa hanya. In iskar cikinsu ɗaya ce, girman wurin da ya baje kusan ɗaya ne a siririya da faffaɗa, siffar ce ta bambanta. A siririya dogo ne, a faffaɗa gajere ne mai faɗi. Dogon yana sa gefen taya ya fi lanƙwasa a kowane juyi, kuma wannan lanƙwasar tana cin ƙarfinka. Abu na biyu ya fi shafarmu: taya siririya dole a cika ta da iska ta yi tauri kamar dutse, a kan hanya mai gargada kuma sai ta riƙa tsalle, girgizar ta bi hannunka da bayanka, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba ya ƙare a jijjiga jikinka. Jikin yana jin kamar gudu ake yi sosai, amma agogo ba ya nuna haka.

Masu tseren duniya ma sun sauya. A da, 23 ko ƙasa da haka ake hawa a manyan tsere irin Tour de France. Yanzu 28 zuwa 30 ne ruwan dare, a tseren Paris-Roubaix kuwa, da ake bi ta kan tsofaffin hanyoyin daɓen dutse a arewacin Faransa, har 32 suke sawa. Faffaɗa tana da nata nauyin, tana kuma ɗan ƙara tare iska in gudu ya yi yawa, wannan gaskiya ne. Amma mai zuwa aiki a cikin cunkoson gari ba ya kai gudun da hakan zai dame shi.

A ganina, 23 ba ta da gurbi a hanyoyinmu sai in keken ba ya ɗaukar wata. 25 ta mai motsa jiki ce da ke fita da asuba kan kwalta mai kyau, mara nauyin jiki. 28 ita ce inda keken tsere yake fara zama abin hawa na kullum, kuma ita na koma bayan maganar dattijon nan. 32 zuwa 35 ita nake ba yawancin masu zuwa aiki shawara: tana gudu a kwalta, tana shanye ƙananan ramuka, ba ta tsoron guntun burji. Daga 37 zuwa 42 ta mai ɗaukar kaya ce, ko wanda rabin hanyarsa ba kwalta. Ba banza ba ne baƙin keke mai taya 40 yake ɗaukar jarkoki da buhuna a hanyoyin ƙauye shekara da shekaru. Mai keken hawan dutse na 559, inci 1.5 zuwa 1.75 ta ishe shi a gari. In unguwarku yashi ne, ka tsaya a 1.95 ko sama, domin siririyar taya nutsewa take yi a rairayi.

In baya ya fi gaba sarari, ko gaba ya fi baya, babu laifi tayoyin su bambanta da 'yan milimita.

Mataki na 6: A kasuwa

Fuskar taya daban, faɗinta daban. Kekuna da yawa da ke yawo a gari suna ɗauke da taya mai manyan ƙuraje ta hawan dutse, tana gurnani a kwalta tana cin ƙarfin mai ita. In a kwalta ka fi tafiya, ɗauki mai sumul ko mai ƙananan zane. Wannan canjin kaɗai yana sa tsohon keke ya yi sauƙin tuƙi.

Faɗi yana maganin facin rami, amma ba ya maganin tsidau, ko ƙayar bagaruwa, ko fasasshiyar kwalba, ko siririyar wayar da ke fita daga tsohuwar tayar mota. Wannan aikin shimfiɗar kariya ce da ake sawa a ƙarƙashin fuskar taya. Schwalbe Marathon ta yi suna a kan haka, Kenda da CST ma suna da masu irin wannan kariya a farashi mai sauƙi. Ta fi nauyi kaɗan, amma ga mai sammakon aiki ta cancanci kuɗinta.

In tayar gwanjo za ka saya, lanƙwasa gefenta a rana ka duba. Ƙananan tsage alama ce roba ta bushe. Shafa bakinta zagaye, in waya ta fito ko ta karye, ajiye ta, araha ba ta ado. Sayi tiyub da ya dace da sabon faɗin, an rubuta a kwalinsa, kamar 700 x 28-32. Ƙaramin tiyub a babbar taya yana miƙewa ya yi sirara, babba a ƙaramar taya yana naɗewa ya tsage. Bawul iri uku ne: mai kauri irin na mota, siriri mai ɗan dunƙule a kai na keken tsere, da na baƙin keke wanda ake zura wa 'yar roba. Mai kaurin ba ya shiga hujin wilin da aka yi wa siririn. In naka siriri ne, nemi ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa don ya karɓi famfon mota, ka bar shi a aljihun jaka.

Wajen ɗaurawa, duba ƙyallen da ke rufe kawunan sipok a cikin wili, in ya yage a canza. Bi kibiyar da ke gefen taya in akwai. Sa wa tiyub 'yar iska kafin ka cusa shi, kuma kafin ka cika, matsa taya zagaye ka tabbata bakinta bai danne shi ba.

Mataki na 7: Iska

Wanda ya sayi faffaɗar taya ya cika ta tam kamar siririya, ya zubar da rabin amfaninta. Lambar matsin iska da ke gefen taya, ta awon PSI ko ta bar, iyaka ce, ba umarni ba ne a kai can. Bar ɗaya kusan PSI 14.5 ne. Ga inda nake farawa, da awon PSI, ga mutum mai kilo 70 zuwa 75, da tiyub a ciki: taya 25, wajen 85, taya 28, wajen 70, taya 32, wajen 60, taya 37 zuwa 40, wajen 45 zuwa 50, inci 1.95, wajen 35 zuwa 40. Mai nauyi ko mai kaya ya ƙara, mara nauyi ya rage, amma kada a sauka ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta a jikin tayar. Baya ya fi ɗaukar nauyi, don haka gaba ta gaza baya da kamar 5.

In ba ka da famfo mai agogo, hau keken, wani ya duba maka daga gefe. Tayar ta ɗan baje kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na tsayinta. In ba ta motsa ba sam, iska ta yi yawa. In ta yi tumbi, ta yi kaɗan. Ka yi hattara da injin iskar masu facin mota, cikin daƙiƙa kaɗan yake cika tayar keke, don haka ka ce a riƙa sawa kaɗan-kaɗan. Da bazara kuma kada ka cika taya zuwa iyaka da safe ka jingine keken a rana, zafi yana ƙara matsin iskar ciki. Siririyar taya tana son a duba ta duk kwana biyu ko uku, faffaɗa takan kai mako.

Mataki na 8: Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka ɗaura sabuwar taya da safiyar Litinin. Ɗaura ta ranar hutu, ɗaga kowane wili ka juya shi, ka saurara ko akwai inda yake goga. Duba ɗan layin da ke zagaye taya kusa da bakin wili, ya fito daidai ko'ina, ba wani wuri ciki wani waje ba. Matsa birki ka tabbata robarsa a kan wili take sauka, ba ta taɓa gefen taya, domin in tana taɓawa cikin 'yan kwanaki za ta yanke shi. Sake auna sararin bayan kwana biyu, sabuwar taya tana ɗan buɗewa.

Daga nan ka bi hanyar aikinka mako guda, kana rage iska da 3 zuwa 5 duk bayan kwana biyu. Za ka ji girgiza tana raguwa a tafin hannu. Ranar da ka ji wili ya buga ƙasa a bakin rami, ko keken yana lilo a kwana, ka wuce wuri, mayar da 5. Rubuta lambar gaba da ta baya a 'yar takarda ka manna a jikin famfo. Nawa na yanzu, a taya 32, gaba 55 ne baya 60, kuma ranar da zan ɗauko kaya daga kasuwa nakan ƙara wa bayan 5 kafin in fita.